Mai Amsa na Bakwai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ba a gane shi ba. Alhamdulillahi, ba a gane shi ba. Sau uku na rubuta haka a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi kafin na tuna da littafin nan a jakata.

Shafi na sha ɗaya na maƙalar da na gabatar a sashenmu ranar Laraba ya fita. Wani ya ɗauki hotonsa da waya, daga wannan hannu zuwa wancan, har ya faɗa guruf ɗin waya na kafintocin layin da na yi bincikena. Mutum sha shida ne a taron. Na daina bin fuskokinsu a zuciya, don da na ci gaba har Farfesa, mai duba aikina, zan fara zargi.

Shekara biyu na yi ina zarya a layin nan da rikoda, garin katako har cikin kunne. Tambayata ɗaya ce: in mutum zai danƙa wa kafinta kuɗin katako tun bai ga ko ƙafar kujera ba, me yake dubawa ya yarda da shi? Amsar tana cikin ƙaramin masallacin da ke tsakiyar layin. Mai kawo aiki yakan daidaita zuwansa da azahar, ya yi salla da su, ya ƙare wa sahun farko kallo, in an sallame ya bi ɗaya zuwa shagonsa. Mutum ashirin da uku na yi hira da su. Na bakwai ne ya faɗa mini abin a fili, shi ne kuma a shafin da ya fita:

"Ni da kike gani, na fi shekara ashirin ban bar sahun farko ba. Kada ki ɗauka tsoron Allah ne. Mai kawo aiki a masallaci yake zaɓen kafinta. Ina tsaye liman na karatu, ni ina auna katako a kaina."

Allah ya saka wa Farfesa da alheri da dokarsa: ka cire suna, sannan ka canja abu uku na mai magana. Na rage masa shekara goma. Na raba shi da kujeru da gadaje, na ce ƙofofi kaɗai yake yi. Na uku ya gagare ni, sai na ba shi ɗingishi. Yanzu ana ta neman wani gurgu mai ƙofofi wanda ni na haife shi a kan kwamfuta. Su yi ta nema.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na biya gidan Mama na tarar da Kawu, ƙaninta. Shi ya shigar da ni layin tun farko, shi ya bi shago shago yana cewa, "'Yar Yayata ce, ba ma'aikaciyar haraji ba ce, ku amsa mata." Daga bakinsa sunan Mai Tambaya ya bi ni.

Ya ce, "Mai Tambaya, an ce takardarki ta yi ƙafa."

Na ce, "Ta yi, Kawu. Amma ba ta san gidan kowa ba."

Ya ce, "To madalla." Ya sha shayi kofi biyu, ya roƙi Mama ragowar burodi, ta ce masa, "Auta, furfura har gemu, ba ka daina lasar kwano ba." Ya yi dariya har da buga gwiwa.

Ko a littafin nan ba zan rubuta ko wane ne na bakwai ba. Na yi alkawari, na sa hannu a takarda, shi ma ya sa. Kawai dai na ji daɗin ganin Kawu ya sha kofi biyu.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Akwai gurgu a layin. Ƙofofi yake yi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe tara na safe

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba.

Wata takwas rabona da layin. Ashe wata shida da suka wuce wani baƙo ya kama shagon ƙarshe, na kusa da wurin zubar da garin katako. Shekararsa arba'in da 'yan kai. Ƙafarsa ta hagu ta gajarce tun yana yaro. Ba ya taɓa kujera, ba ya taɓa gado. Mai Ƙofofi ma suke ce masa. Ban taɓa ganinsa ba, bai taɓa ganina ba. Da zama na yi na zana shi da gangan, ba zan dace haka ba.

Kwamitin masallaci ya ba shi aikin ƙofofi da tagogin sabon ginin da ake ƙarawa, babban aikinsa na farko tun da ya zo. Shekaranjiya suka ce ya dakata. Wai mai auna katako a cikin salla ba zai yi wa ɗakin Allah ƙofa ba. Wani mai makaranta shi ma ya janye aikin da ya ba shi.

Maigida ya ce, "Je ki ce musu ƙirƙirarsa kika yi mana." Na ce zan je. Shi a ganinsa magana ce ta minti biyar, kamar ba wa mai ciwon kai magani a kantinsa.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je wurin Shugaban ƙungiyar kafintoci, shi ne kuma shugaban kwamitin. Ya sa aka share mini benci. Na yi masa bayani tiryan-tiryan: dokar abu uku, ranar da na gama hira, ranar da mutumin ya zo. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai maganar ya ce shekara ashirin a sahun farko. Wannan bawan Allah an ce a bayan sahu yake salla, jikin bango, saboda ƙafarsa."

Ya ce, "Jama'a na cewa a tsohon wurinsa kika same shi."

"Ban san ma tsohon wurinsa ba."

"Malama, ke kika rubuta mai ɗingishi. Mai ɗingishi ɗaya gare mu." Ya gyara hula. "To na yarda, ba shi ba ne. Wane ne? Faɗa mini ni kaɗai, gobe in mayar masa da aikinsa."

Na ce ba zan iya ba.

Ya ce, "Kin gani ko?"

Na fito raina a ɓace, na taka ƙusa, Allah ya so a tafin takalmi ta tsaya. Na wuce ta gaban shagon Kawu. Yana goge hannun kujera da samfefa, bai ɗago ba. Ni ma ban tsaya ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya da kwata na rana

Farfesa bai yi mini faɗa ba, wannan kaɗai ya sa na yi ajiyar zuciya. Ya cire tabarau ya ce a shekara talatin bai taɓa jin an ɓoye mutum an dace da wani ba. Har na ga idonsa na ƙyalli, na san maƙala yake hange a ciki. Na ce, "Farfesa, mutum ne fa ya rasa aiki." Sai ya mayar da tabarau.

Zai rubuta wa ƙungiya wasiƙa da tambarin jami'a. Amma ya gargaɗe ni: ba ni da ikon bayyana mai maganar, ba ni kuma da ikon zuwa in matsa masa ya bayyana kansa, ko da da ido ne. Na ce ko da ɗan uwana ne? Ya ce, "Ban ji wannan tambayar ba."

Daga nan ya hau abin da ya saba. Masana kashi uku ne, in ji shi: masu cewa ibada ce ke horar da mutum ya zama ɗan kasuwa na gari, masu cewa kasuwa ce ke sa rigar ibada, da masu cewa ibada igiya ce da ke ɗaure mutanen da ba su san juna ba har su yarda da juna. Ya ce shafina na sha ɗaya kyauta ce ga kashi na biyu. A taron Laraba ma haka ya faɗa, na ji kaina ya yi girma. Yau ji na yi kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe goma na safe

Wasiƙa ta je. An karanta, an ninke. Ba abin da ya canja.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku da rabi na yamma

Yau na yi dariyar da rabona da ita ya kai kwana takwas.

Da safe wani mai gadaje ya zo ofis, na sha biyu a jerin hirarrakina. Ya rufe ƙofa da kansa, ya rage murya: "Malama, tsakaninki da Allah, ni ne ko? Na san na faɗa miki wani abu mai kama da haka." Na ce ba shi ba ne. Ya sauke numfashi, ya yi mini addu'a har da iyayena da jikokin da ban samu ba.

Bai fi awa ɗaya da tafiya ba mai kabad ya kira ni a waya, na sha tara. Tambaya ɗaya. Bayan azahar ga wani kuma a bakin get, wai wucewa yake yi ya ce bari ya gaishe ni. Jami'armu ba a kan hanyar ko'ina take ba.

Mutum uku, kowa ya karanta ya ji muryarsa. Babu wanda ya faɗa mini haka a rikoda a cikinsu. A zuciyarsu suka faɗa, suka ɗauka na ji.

Na daina amsawa da "ba kai ba ne", don in na ci gaba za su tsince shi ta hanyar ragewa. Yanzu cewa nake ba na tabbatarwa, ba na musantawa. Na ukun ya tafi fuskarsa a yamutse, Allah ya ba shi haƙuri.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na je shagon ƙarshe. Tun kwana uku nake ɗagawa.

Ƙofofi huɗu jingine da bango, an gama su ba a shafa musu komai ba, sauran katakon an rufe da leda. Aikinsa mai kyau ne, ka bi da hannu ba ka jin inda aka haɗa. Yana zaune yana wasa bakin zarto. Na gaishe shi na faɗi ko ni wace ce.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Au, ke ce? Na ɗauka babbar mace ce."

Na ba shi haƙuri, na yi ta zuba, ban san ma me na ce ba. Ya bari na gama. Ya ce, "Ni ban iya karatun boko ba, faɗa mini aka yi. Karanta mini yadda yake." Na karanta daga waya.

Ya ce, "To ni dai ban faɗa ba. Amma wanda ya faɗa ba maƙaryaci ba ne. Shi zan ba ajiya." Ya ci gaba da zartonsa. "Abin da ya dame ni ba aikin ba ne kaɗai. Matata ta daina zuwa ɗebo ruwa da safe, sai rana ta take, in mata sun watse. Wannan ne."

Na ce zan yi iya ƙoƙarina. Ya ce, "In za ki sake yin wani gurgun, ki zo ki tambaye ni, in faɗa miki ƙafar da ba ta da mai ita."

Bai zage ni ba. Na fito, wani nauyi ya ragu. Na tsaya a bayan motar wani na share ido.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe shida saura na yamma

Mama ta aiko a kira ni. Maƙwabciyarta ta karanta mata shafin a waya. Ko zama ban gama yi ba ta ce, "Ƙafa kika canja masa, kika bar masa bakinsa."

Na ce ban gane ba.

"'Ni da kike gani.' Tun yana shekara biyar yake wannan maganar. Ni da kike gani ba ni na fasa ba. Ni da kike gani na ƙoshi. Ni na goya shi, za ki gaya mini?"

Na ce, "Mama, ba na tabbatarwa, ba na musantawa."

Ta ce, "Tabbatarwar gidanku." Ta jawo mayafi. "Ke aka hana magana. Ni wa ya ba ni takarda na sa hannu?"

Ban hana ta ba. Ban tura ta ba, Allah shaida, ko da ido. Amma ban hana ta ba, kuma da ta fita na ji kamar an zare mini ƙaya a tafin ƙafa. Wannan ba zan faɗa wa Farfesa ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Shiru. Kawu bai kira ba. Mama ta ce in bar mata zancen.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Shiru. Na gyara takardun jarrabawa arba'in, na ba kowa maki da hannu sake.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Kawu ya zo gidanmu da kansa, da kayan aiki a jikinsa, garin katako a gira. Bai yarda ya zauna a kujera mai laushi ba, wai aikin wani ne, ba ya yarda da ƙafafunta.

Ya ce, "Na je wurin Shugaba."

Na zuba masa ido, ya ci gaba.

"Kwana uku Yaya ba ta ba ni ko ruwa ba. In na yi sallama sai ta ce, wa ke nan, mai sahun farko? Amma ba don ita ba ne. Jiya na bi ta shagon ƙarshe na ga ƙofofin nan a jingine. Mai Tambaya, ni kafinta ne. Katakon da aka gama aka bari ba mai, cikin wannan zafin, lanƙwashewa zai yi."

Na ce, "Me Shugaba ya ce?"

Sai Kawu ya fashe da dariya, har da riƙe ciki. "Na ce masa ni ne na bakwai. Ya kama hannuna biyu ya ce, Alhamdulillahi! Na ce Alhamdulillahi kuma? Ya ce, wallahi kwana goma sha biyar ban yi barcin kirki ba, na ɗauka ni ne."

Mutum na huɗu ke nan da ya ɗauka shi ne. Ranar da na zauna a bencinsa yana ce mini "faɗa mini ni kaɗai", ashe kansa yake tambaya.

Na tambayi Kawu ko yana fushi da ni. Ya ce, "Ina yi. Amma kaɗan ne, zai wuce kafin Juma'a."

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Jiya bayan salla Shugaba ya sanar cewa an bincika, ba Mai Ƙofofi ba ne, mai maganar ya kawo kansa ya nemi a rufa masa asiri, an rufa. Babu wanda ya matsa a faɗi suna. Kawu ya ce bai taɓa ganin masallacin ya watse da sauri haka ba, kowa na neman takalminsa kai a ƙasa.

An mayar da aikin. Mai makaranta bai dawo ba, ya riga ya ba wani, wannan yana wuyana kuma na sani. Wasu sun gane Kawu, ba makawa. Wani tsohon mai kawo masa aiki ya wuce shagonsa yau ya shiga na gaba. Kawu ya ce dama mutumin ya cika ciniki.

Na hango Mai Ƙofofi daga nesa yana shafa wa ƙofa ta biyu mai. Ya ɗaga mini burushi. Na dawo gida na yi barcin rana har Maigida ya leƙo ya ga ko ina numfashi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Jiya na kira Kawu na ce zan cire maganarsa daga kundin bincikena gaba ɗaya. Ya ce kada in cire. "Bayan duk wannan wahalar? Bar ta. Amma ki sa ta duka."

Na ce duka na sa.

Ya ce, "A'a. Ni na san abin da na faɗa. Je ki saurara."

Da safen nan na rufe ofis na nemo hirar ta bakwai. A rubutuna, bayan "ina auna katako a kaina", na sa: ƙarar inji, ba a ji. Na tuna ranar da na rubuta. Na samu jimlar da nake nema, wadda Farfesa zai so, injin yankan maƙwabci ya tashi, sai na tsallake zuwa tambaya ta gaba. Ban ko mayar baya sau ɗaya ba.

Yau na ƙure murya, na danna abin ji a kunne. Sau shida na mayar. Ana ji. Da ƙyar, amma ana ji:

"Amma kin san wani abu? Ba kullum ba, sau ɗaya a wata, wani lokaci sau biyu, in na kai goshina ƙasa sai katakon ya tafi. Masu aikin su tafi. Ba kowa sai ni da Shi, ɗan lokaci kaɗan. Kasuwa ce ta kai ni sahun nan, ban musa ba. Amma da yau za a rufe layin nan, gobe da azahar can za ki same ni, ina jiran wannan ɗan lokacin."

Sai muryata, tsaf, ba ko ƙarar inji: "To Kawu, tambaya ta gaba, a ina kuke sayen ƙusa?"

Na kashe rikodar. Na zauna. Ɗalibai na ta ƙwanƙwasa ƙofa, ban buɗe ba sai da na rubuta maganar tasa har ƙarshe.